Yadda za ka samu manhajar zana giraf ɗin lissafi a kwamfutarka ba tare da kashe kuɗi ba

Ɗalibin lissafi ko injiniyanci a jami'a, da malamin sakandare mai shirya yara don WAEC da NECO, duk ba sa daɗewa sai sun buƙaci ganin siffar ikweshin da idonsu. Takardar giraf da fensir suna da ranarsu, amma in kana so ka ga yadda layi zai lanƙwasa idan ka canza lamba ɗaya, sau goma a jere, hannu zai gaji kafin kai ya fahimta. A nan ne mutane da yawa suke jin sunayen manyan manhajojin lissafi irin su MATLAB da Mathematica da Maple, su tambayi farashi, su ji da dala ake biya, sai su nufi shagon mai gyaran kwamfuta ya ɗora musu na sata. Babu buƙatar hakan ko kaɗan. Zanen giraf aiki ne da manhajojin kyauta suka daɗe da ƙwarewa a kansa, wasunsu ma sun fi masu tsadar sauƙin koyo. Abin da ya rage maka kawai shi ne ka zaɓi wadda ta dace da aikinka da kwamfutarka, ka kuma iya yi mata magana.

Da farko, ka san kwamfutarka da aikinka

Shiga Settings, ka danna System, sannan About. A nan za ka ga nau'in Windows ɗinka, da girman RAM, da kuma ko 32-bit ce ko 64-bit. Rubuta su a takarda, domin wasu shafukan za su ba ka zaɓi wajen saukewa. Daga nan ka tambayi kanka abu biyu. Kana da intanet a kowane lokaci, ko sai ka sayi data ka kunna hotsifot na waya? Sannan me kake son zanawa: kwadiratik da sin da cos na sakandare, ko siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi na jami'a, ko kuwa alƙaluman da ka auno a ɗakin gwaji? Amsar waɗannan ce za ta nuna maka inda za ka tsaya a cikin abin da ke tafe.

Duba abin da ke cikin kwamfutar tun kafin ka sauke komai

Mutane da yawa ba su san cewa Calculator ɗin da ke zuwa da Windows yana zana giraf ba. Kamfanin Microsoft ya ƙara masa wannan a shekarar 2020, don haka yana cikin Windows 11 da kuma Windows 10 da aka sabunta. Buɗe shi, ka danna layuka ukun nan da ke kusurwar hagu ta sama, ka zaɓi Graphing, ko ka danna Alt da 3 tare. Rubuta x^2 ka danna Enter, za ka ga zane ya fito. Ba ya buƙatar intanet. In ba ka ga Graphing a jerin ba, Windows ɗinka tsoho ne, sai ka wuce gaba. Mai Mac kuma yana da Grapher a cikin Utilities, wadda take zuwa da kwamfutocin Apple tun 2005.

Wannan ya isa ga wanda kawai yake son leƙa siffar fankishin ya wuce. Ga mai koyarwa ko mai rubuta furojet, ya yi kaɗan.

Sauke GeoGebra, ita ce shawarata ga mafi yawan mutane

Wani ɗan ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, shi ya fara GeoGebra a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg, kuma tun asali don aji aka yi ta. Shi ya sa nake fifita ta: tana haɗa aljebra da jometiri da kalkulas a wuri guda, kuma da zarar ka girka ta, ba ruwanka da data.

Buɗe burauza ka rubuta geogebra.org/download da hannunka. Kada ka bi ta shafukan da ke tara manhajoji barkatai, masu manyan maɓallan Download kore-kore har uku ko huɗu a shafi ɗaya, domin yawancinsu talla ne, wasu kuma bairos suke ɗauke da shi. A shafin GeoGebra za ka tarar da nau'o'i da dama. Nemi masu suna Classic. Classic 6 ita ce ta zamani, ta kuma yi kama da wadda ake gani a burauza. Classic 5 ta fi tsufa, amma ita nake ba masu tsofaffin kwamfutocin hannu da muke saye a kasuwa, kuma bayanin da zan yi a ƙasa da ita zan yi shi. Umarnin da ake rubutawa iri ɗaya ne a dukkansu, wurin maɓallai ne kawai ya ɗan bambanta.

Idan fayil ɗin ya gama sauka, kada ka goge shi bayan girkawa. Kwafe shi a filash. Malami ɗaya da ya sauke zai iya ɗora wa duk kwamfutocin makarantarsu, ɗalibi ɗaya kuma ya wadatar da 'yan ɗakinsu gaba ɗaya, babu wanda zai sake ƙona data.

Abu ɗaya game da lasisi: GeoGebra kyauta ce ga karatu da koyarwa da duk amfanin da ba na kasuwanci ba. Wanda zai buga littafin sayarwa da zanukanta ya karanta sharuɗɗansu tukuna.

Gwada ta da lissafin da ka riga ka san amsarsa

Wannan matakin ne na fi so ka ba lokaci. Sabuwar manhaja kamar sabon ma'auni ce a hannun mai awo, sai an gwada ta da abin da aka san nauyinsa kafin a yarda da ita.

A ƙasan fuskar Classic 5 akwai dogon gurbi mai suna Input. Rubuta wannan ka danna Enter:

f(x) = x^2 - 5x + 6

Alamar ^ tana kan lamba 6 a kibod, sai ka haɗa da Shift. Za ka ga farabola mai buɗe baki sama. Kai ka san cewa x² - 5x + 6 daidai yake da (x - 2)(x - 3), don haka dole layin ya ratsa layin x a kan 2 da 3, ya kuma ratsa layin y a kan 6. Duba ka gani ko haka ne. Yanzu ka sa manhajar ta faɗa da bakinta. Rubuta Root(f), za ta ɗiga maka ɗigo biyu, (2, 0) da (3, 0). Rubuta Extremum(f), za ta nuna gindin farabolar a (2.5, -0.25).

Ƙara miƙaƙƙen layi: g(x) = x + 1. Sannan Intersect(f, g). Za ta ba ka (1, 2) da (5, 6). Ɗauki biro ka tabbatar: in ka daidaita su biyun za ka samu x² - 6x + 5 = 0, wato x ya zama 1 ko 5. Irin tambayar nan ce ake yawan kawowa a jarrabawa, inda ake cewa a zana lanƙwasa da miƙaƙƙen layi a takarda ɗaya a karanto inda suka haɗu.

Masu kalkulas su rubuta Derivative(f), za su ga layin 2x - 5 ya fito, su kuma lura cewa yana ratsa layin x daidai a 2.5, wurin da farabolar ta juya. Integral(f, 2, 3) zai shafa wa ɗan filin da ke tsakanin 2 da 3 launi, ya ba da -0.17, wato -1/6. Alamar ragi ta zo ne saboda filin yana ƙarƙashin layin x. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba zai sake tambayar dalilin da ya sa amsar fili ta fito da ragi ba.

In zanen ya ɓace maka daga fuska, juya ƙaramar tayar maus don matsowa ko nisantawa, ko ka danna dama a kan filin zanen ka zaɓi Standard View.

Silaida, abin da allo da alli ba sa iyawa

Buɗe sabon shafi ka rubuta a = 1, sannan b = 0, sannan c = 0, kowanne da Enter ɗinsa. A gefen hagu, danna ɗan da'irar da ke kusa da kowane harafi, sai wani ɗan layi mai ƙulli ya bayyana a filin zane, shi ne silaida. Yanzu rubuta y = a*x^2 + b*x + c. Sa alamar tauraro tsakanin harafi da x, don kada manhajar ta ɗauki ax a matsayin suna guda.

Ja ƙullin a zuwa dama, farabolar za ta tsuke. Ja shi zuwa hagu, za ta buɗe, ta miƙe ta zama layi a daidai sifili, sannan ta kife. Ja c, duk zanen zai hau ko ya sauka ba tare da siffarsa ta canza ba. Malam, in kana da furojekta ko da ta aro ce, minti biyar na wannan ya fi dogon bayani shiga kan yara. In babu, tara su rukuni-rukuni a gaban laftof ɗin, ka bar su su ja da hannunsu, ka riƙa tambayarsu abin da suke tsammani kafin su ja.

Digiri da rediyan: inda aka fi yin tuntuɓe

A sakandare da digiri ake auna kusurwa, amma kusan duk manhajojin lissafi da rediyan suke farawa. In ka rubuta sin(x) kana jiran zagaye ɗaya daga 0 zuwa 360, abin da za ka gani shi ne igiyoyi cunkushe sama da hamsin, domin a rediyan zagaye ɗaya yana ƙarewa ne a wajen 6.28. Manhajar ba ta lalace ba.

A GeoGebra maganin shi ne ka sa alamar digiri a bayan x. Danna Alt da harafin O tare, alamar za ta fito. Gwada wannan:

Function(3sin(x°) + 2cos(x°), 0, 360)

Sannan ka rubuta ZoomIn(-20, -4, 380, 4) don fuskar ta daidaita da zanen. Lambobin huɗu su ne iyakar hagu, da ƙasa, da dama, da sama. Ka tabbatar da abin da ka gani: a 0° layin yana kan 2, a 90° yana kan 3, a 180° yana kan -2, ƙololuwarsa kuma ta kai wajen 3.6 a kusa da 56°. Don lambobin layin x su fito da tazarar 30 ko 60, danna dama a filin zane, shiga saitin Graphics, ka zaɓi xAxis, ka sa Distance yadda kake so, Unit kuma ka zaɓi alamar digiri.

Akwai wasu tuntuɓen na rubutu da suka shafi kowace manhaja. Rubuta 2^x+1 daban yake da 2^(x+1). Haka 1/x+2 daban yake da 1/(x+2). In kana shakka, ƙara baka, ba ta taɓa yin yawa. Sai kuma log: a wasu manhajojin na goma ne, a wasu kuma na e ne. Rubuta log(100) ka gani. In ta ba ka 2, na goma ne. In ta ba ka 4.6, na e ne. A GeoGebra ka yi amfani da ln(x) da lg(x), ka huta da ruɗani.

Fitar da zanen zuwa Word ko takarda

Kada ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta da waya ka manna a furojet, yana zubar da darajar aiki. Danna Ctrl da Shift da C tare, zanen zai kwafu, sai ka je Word ka manna. In fayil kake so, shiga File, Export, Graphics View as Picture, ka zaɓi PNG ko PDF. A wannan akwatin akwai wurin da za ka faɗi santimita nawa kake so kowane ma'auni ɗaya ya ci a takarda, abin da zai yi wa malami amfani in yana shirya amsar da za a gwada da zanen yara mai sikelin santimita 2. Aikin kansa kuma ka adana shi da Save, zai zama fayil mai ƙarewa da .ggb, wanda za ka iya buɗewa ka gyara gobe.

In kwamfutar ta tsufa sosai

Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna Graph, wadda Ivan Johansen ya rubuta don Windows, ana samunta a padowan.dk. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana tashi a kwamfutocin da suka daɗe. Danna maɓallin Insert, ka rubuta fankishin ɗinka, shi ke nan. Tana karɓar ɗigogin da ka auno a ɗakin gwaji ta ja maka layin da ya fi dacewa da su, tana kuma lissafa fili da tsawon lanƙwasa. Digiri da rediyan ana canza su a Edit, Axes. Ba ta zana siffofi masu zurfi, amma duk abin da ke manhajar karatun sakandare za ta yi shi.

In kana da intanet mai ƙarfi

Desmos, wadda Eli Luberoff ya kafa a Amurka a 2011, ba a girka ta, a burauza ake buɗe ta a desmos.com/calculator. Ta fi kowacce sauƙin farawa, kana rubutu zanen yana fitowa, kuma danna layi kawai zai nuna maka mahaɗa da ƙololuwa. Alamar sifana da ke kusurwar dama ita ce wurin komawa digiri. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar SAT don karatu a Amurka ya saba da ita, domin ita ce aka saka a cikin jarrabawar ta kwamfuta. Aibinta a wurinmu ɗaya ne: ranar da sabis ya ɗauke, ba za ta buɗu a kwamfuta ba. Don haka ko kana sonta, ka ajiye GeoGebra ko Graph a gefe.

Ga 'yan jami'a da aka ce su nemo MATLAB

Fara tambaya a sashenku ko jami'ar tana da lasisin da ɗalibai ke amfani da shi. In babu, sauke GNU Octave daga octave.org. John W. Eaton ne ya jagoranci rubuta ta, kuma an gina ta ne yadda mafi yawan umarnin MATLAB na aji za su yi aiki a cikinta ba tare da gyara ba. Ga zanen da muka yi ɗazu:

x = 0:1:360;
y = 3*sind(x) + 2*cosd(x);
plot(x, y), grid on

Harafin d da ke ƙarshen sind da cosd shi ke nuna digiri. Ka kuma riƙe wannan: in za ka ɗaga x zuwa fawa, sa ɗigo kafin alamar, wato x.^2, domin x a nan jerin lambobi ne. Mantawa da ɗigon nan shi ne kuskuren farko da kusan kowane sabon shiga yake yi.

Wanda aikinsa warware aljebra da kalkulas ne da haruffa, irin abin da ake neman Mathematica ko Maple dominsa, ya nemi Maxima tare da fuskarta wxMaxima. Asalinta Macsyma ce da aka fara a MIT a ƙarshen shekarun 1960. A ciki, plot2d(x^2 - 5*x + 6, [x, 0, 5]) zai ba ka farabolarmu. Sai gnuplot, wadda Thomas Williams da Colin Kelley suka fara a 1986, masu bincike na sonta don zanukan da za a buga a mujalla. Tana da tarko guda da ya kamata ka sani: a wurinta 1/2 sifili ne, saboda tana raba cikakkun lambobi ta yar da saura. Rubuta 1.0/2 ko 0.5. Fawa kuma da taurari biyu ake rubuta ta, x**2.

Game da na satan nan da ake ɗorawa a shago, ban da kasancewarsa haƙƙin wasu, yawanci sai an kashe antibairos kafin ya shiga, kuma ba ka san abin da ya shigo tare da shi ba. Kwamfutar da furojet ɗinka na shekarar ƙarshe yake ciki ba wurin irin wannan kasada ba ce.

Excel ma yana yi, in an bi da shi daidai

In kana da Excel, ko LibreOffice Calc wadda kyauta ce, jera ƙimomin x a layin A, daga A2 zuwa ƙasa. A B2 rubuta =A2^2-5*A2+6, ka ja shi ƙasa. Zaɓi layukan biyu, ka saka cat, wato Chart, nau'in Scatter mai lanƙwasasshen layi. Kada ka zaɓi Line, domin shi ba ya kula da ainihin tazarar da ke tsakanin ƙimomin x. Don sin na digiri, =SIN(RADIANS(A2)). Ka kuma kiyaye: a Excel, =-A2^2 yana ba da amsa marar ragi, saboda yana haɗa ragin da lambar kafin ya ɗaga ta. Abin da kake nufi shi ne =-(A2^2). Wannan hanyar ta fi kusa da yadda ake yi a jarrabawa, tebur tukuna sannan zane, don haka tana da kyau wajen duba teburin da yaro ya cike.

Kada ka yarda da kowane layi da ka gani

Kwamfuta ba ta san siffar fankishin ba. Tana lissafa ɗigogi ne masu yawa ta haɗa su da gajerun layuka. Shi ya sa a Octave ko Excel, in ka zana tan x ko 1/x, za ka iya ganin dogon layi a tsaye ya haɗa sama da ƙasa a wurin da fankishin ɗin ba shi da ƙima sam, kamar 90° ga tan. Wannan layin ba ya cikin lissafin. Haka in fankishin yana kaɗawa da sauri, irin sin(50*x), ɗigogin kuma suka yi kaɗan, zanen zai fito da wata siffa dabam mai kyan gani wadda ba gaskiya ba ce. A gnuplot ɗigo 100 ake farawa da su, sai ka rubuta set samples 2000 ka sake zanawa. A Octave da Excel ka rage tazarar da ke tsakanin ƙimomin x. In siffar ta canza bayan ka ƙara ɗigogi, ka ci gaba da ƙarawa har sai ta tsaya a kan kamanni ɗaya, sannan ka ɗauki ƙima biyu ko uku ka lissafa su da kalkuleta ka gwada da zanen kafin ka manna shi a aikinka.